Keke a Kan Tsohon Layin Dogo: Sharhi Kan Tuddan Eifel



Sharhinmu na yau zai kai mu yammacin ƙasar Jamus, wani yanki da ake kira Eifel, wanda ke kwance tsakanin kogin Rhine da kogin Mosel, ya jingina da iyakar Beljiyam da Luksambok. Ƙasa ce ta tudu da kwari, daga ka hau sai ka gangara, daga ka gangara sai ka sake hawa. Duwatsunta ba su da wani tsawo na a zo a gani. Mafi tsawonsu, wanda suke kira Hohe Acht, mita 747 ne kacal, ko tudun da garin Jos ke zaune a kai ya fi shi nesa ba kusa ba. To amma duk bazara, daga watan Mayu har zuwa Oktoba, yankin kan cika da masu yawo a kan keke, kuma idan ka tsaya bakin hanya ka duba su, ba 'yan tsere ba ne akasarinsu. Tsofaffi ne masu furfura, da mata da miji, da iyaye masu jan jarirai a ɗan amalanke a bayan keke, da yaran da ba su daɗe da koyon feda ba. Tambayar da na ɗauko ita ce: ta yaya ƙasa mai hawa da gangara irin wannan ta zama wurin yawon tsoho da yaro?

Kafin amsa, bari mu ga irin ƙasar tukuna. Da yawa daga cikin tuddan nan aikin wuta ne. A ɓangaren da ake kira Vulkaneifel, kewayen garuruwan Daun da Gerolstein, masana sun ƙidaya wurare kusan 350 da ƙasa ta taɓa yin aman wuta. Wasu sun bar tuddai masu tsini, wasu kuma rami suka bari, kuma ramukan nan su ne abin da ya fi fito da sunan yankin. Ga yadda suke samuwa: narkakken dutse ya taso daga ƙarƙashin ƙasa, kafin ya iso sama sai ya ci karo da ruwan da ke kwance a cikin ƙasa. Duk matar da ta taɓa ganin ruwa ya faɗa cikin tafasasshen mai ta san abin da zai biyo baya. Ruwan ya zama tururi nan take, ƙasa ta fashe, ta watsar da abin da ke samanta, ta bar wawakeken rami zagayayye da tarin toka a bakinsa. Shekaru suna tafiya, ruwan sama da na ƙasa su cika ramin, ya zama tafki. Jamusawa suna kiran irin wannan Maar. Akwai sama da 70 a yankin, amma kaɗan ne, wajen goma sha biyu, ke riƙe da ruwa har yau. Sauran sun ƙafe sun zama fadama ko makiyaya. Mafi zurfinsu, Pulvermaar, ya kai kimanin mita 70. Autansu kuwa, na garin Ulmen, ya fashe ne shekaru kusan 11,000 da suka wuce, wanda a lissafin masana duwatsu jiya-jiya ne.

Wutar ma ba ta mutu ba, barci take yi. A gabashin yankin akwai babban tafkin Laach, wanda ya samu daga wata gagarumar fashewa shekaru kusan 13,000 baya, tokarta ta kai har Sweden da arewacin Italiya. Idan ka jingine kekenka a gaɓarsa ta gabas, za ka ga ruwan yana ta ɓulɓulo da iska, iskar kabon ce ke fitowa daga ƙasa. Masu sauraronmu na Kamaru ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan iska. Ita ce ta taso daga tafkin Nyos a daren 21 ga Agusta 1986, ta kashe mutum sama da 1,700 da dabbobi dubbai suna cikin barci. Bambancin shi ne Nyos ya fi zurfi sosai, ruwan ƙasansa kuma ba ya motsi, sai iskar ta yi ta taruwa. A Jamus kuwa sauyin sanyi da zafi yana juya ruwan tafki, iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan. Iskar nan dai ita ce ke cikin ruwan kwalba na Gerolsteiner, kamfanin da aka kafa a 1888, wanda ake sha a duk faɗin Jamus. Ita ce kuma ke tunkuɗo ruwan sanyi sama a ƙauyen Wallenborn kusan duk bayan rabin awa, mutane na tsaye da kekunansu suna jira.

To, ƙasar da take da kyau a ido ba lalle ta cika tumbi ba. A ƙarni na 19, bayan yankin ya koma hannun Prussia a 1815, laƙabin da aka ba shi shi ne Saiberiyar Prussia, saboda sanyi da talauci. Ƙasar noma ba ta da albarka, damina gajera, hunturu dogo. Mutane sun yi ta ƙaura zuwa Amurka, maza kuma suna tafiya cin rani masana'antun ƙarfe na Ruhr su bar mata da gona. Marubuciya Clara Viebig ta rubuta littafi a kan haka a 1900, labarin ƙauyen da babu kowa cikinsa sai mata. Har filin tseren motoci na Nürburgring da duniya ta sani, an gina shi ne tsakanin 1925 da 1927 musamman don a samar wa mutanen yankin aikin yi. Layukan dogo ma haka: an shimfiɗa su don a fito da dutse da katako da amfanin gona, a haɗa ƙauyuka da kasuwa. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya haɗa Daun da Wittlich, an gama shi a 1910.

Nan ne amsar tambayarmu take. Jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsini, ƙafar ƙarfe a kan layin ƙarfe santsi take yi. Saboda haka injiniyoyin wancan zamani suka sha wahalar da za a sha: inda kwari ya tare su suka gina gada, inda dutse ya tare su suka huda shi, inda ƙasa ta yi ƙasa suka cike ta. Da motoci suka yawaita, fasinja ya ragu, aka daina jigilar mutane a layin a 1981, daga baya na kaya ma ya tsaya. A wurare da yawa a duniya, ƙarshen labarin ke nan: a kwashe ƙarafa, ciyawa ta rufe hanya, wannan ya ja shingen gonarsa, wancan ya kafa tubali, bayan shekara ashirin babu mai iya nuna inda layin ya bi. Hukumomin ƙananan garuruwan Eifel ba su bari haka ta faru ba. Sun riƙe filin a dunƙule, suka zuba kwalta a kai, ya zama hanyar keke da ake kira Maare-Mosel-Radweg, mai tsawon kilomita 58, daga Daun har zuwa Bernkastel-Kues a bakin kogin Mosel. Kusan duk tsawonta, a cikin kowace mita 100 hawan bai kai mita uku ba. Wato gumin da mai keke zai yi, ma'aikatan 1910 sun riga sun yi masa shi da diga da shebur.

Bari mu bi ta tare. Ka tashi daga tsohuwar tashar Daun, ba ka yi nisa ba sai ga ka a kan gada mai tsawon mita 28 daga ƙasa, garin yana can ƙarƙashinka. Daga nan hanya ta ɗan hau a hankali cikin daji, sai ta shige cikin dutse, rami mai tsawon mita 560. Akwai fitilu a ciki, amma ko a tsakiyar watan Yuli sanyi ake yi, ruwa na ɗiga daga sama, wanda bai zo da riga mai kauri ba zai gane kurensa. Kana fitowa ka iso kusa da Schalkenmehren, ƙauyen da ke zaune a bakin tafkinsa. Daga nan sai fili ya buɗe, gonaki da makiyaya da shanu, ka wuce Gillenfeld, ka wuce kusa da Manderscheid mai tsofaffin ganuwoyi biyu da ke kallon juna, ɗaya ta sarakunan Manderscheid, ɗaya ta limaman Trier, waɗanda suka daɗe ba sa ga maciji. Bayan nan ne daɗin yake. Wajen ƙauyen Plein hanya ta fara gangara ta gaske, rami bayan rami, gada bayan gada, ka ɗauke ƙafa daga feda, aikinka birki kawai, har ka sauka Wittlich. Iska ta sauya, ta yi ɗumi, daji ya ƙare, gonakin inabi sun fara. A ƙauyen Lieser ka tarar da kogin Mosel, ka bi gaɓarsa zuwa Kues, garin da aka haifi malamin nan Nikolaus na Kues a 1401, wanda gidan kula da tsofaffi da ya kafa a 1458 yake aiki har gobe. Daga Daun zuwa nan ka sauko wajen mita 300.

Wani zai ce, to wanda ya gangaro, yaya zai koma? Nan ne nake ganin hankalin waɗanda suka tsara abin. A lokacin bazara akwai motar bas mai jan tirela ta kekuna, tana ɗaukar mutum da kekensa daga bakin Mosel ta mayar da shi Daun. A kowace mararraba akwai allo fari mai koren rubutu, da sunan gari na gaba da yawan kilomita. Akwai benci, akwai wurin cin abinci a wasu tsofaffin tashoshin jirgin. Ƙungiyar masu keke ta Jamus, ADFC, wadda aka kafa a 1979, tana da tambarin da take bai wa masaukai, kuma sharuɗɗanta ba na alfarma ba ne: ka karɓi baƙo ko da kwana ɗaya zai yi, ka ba shi ɗakin da zai kulle kekensa, da inda zai shanya jiƙaƙƙun kaya, da famfo da kayan faci. Ba ko ɗaya cikin waɗannan da za a saka a hoton talla. Amma a ganina su ne suke kawo mutane, ba tafkunan ba. Tafkunan sun yi shekaru dubbai a wurin, tsohuwa mai shekara saba'in ba ta zo da keke ba sai da aka tabbatar mata babu motar da za ta bi ta kanta, kuma akwai yadda za ta koma masauki idan gwiwa ta gaza.

Sai dai kada in yi muku daɗin baki. Hanyar da jirgi ya bi tana kewaye wa tudu ne, tafkunan kuwa a cikin tudu suke. Wanda ya manne wa kwalta daga farko har ƙarshe zai iya isa Mosel bai ga abin kirki daga aikin wutar ba. Idan kana son ganin tafkin Weinfeld, dole ka bar hanya ka hau, ka sauke giyar keke zuwa ta ƙarshe, wani wurin ma ka sauka ka tura. A can sama za ka tarar da ruwa mai zurfin mita 51, da ƙaramar majami'a da maƙabarta, su kaɗai suka rage daga ƙauyen da annoba ta watse a ƙarni na 16. Haka in kana son ganin dunƙulen dutsen nan na ƙauyen Strohn, mai nauyin tan 120, wanda ya yi ta faɗawa cikin bakin wuta yana fitowa har ya zama ƙwallo, sai ka ratse. Masu neman wahala da gangan kuwa suna da nasu: akwai hanyar da ta ratsa yankin daga kwarin Ahr zuwa Mosel ta Ulmen, wadda ba ta san sassauci ba, kuma duk shekara akan buɗe filin Nürburgring ga masu keke su yi awa 24 suna zagaye, da hawan da ya kai kusan mita 17 cikin 100.

Keken lantarki ya zo ya sauya wannan lissafi. Dokar Turai ta ce injin kada ya wuce wat 250, kuma ya daina taimako idan gudu ya kai kilomita 25 a awa. Sai kana taka feda yake tura ka. A 2023, a karo na farko, kekunan lantarki da aka sayar a Jamus sun fi na gargajiya yawa. Na san akwai masu yi musu kallon raini, wai wanda bai yi haki ba bai hau tudu ba. Ni ban ga laifinsu ba. Dattijon da ciwon gwiwa ya zaunar, yau ga shi a bakin tafkin Weinfeld tare da jikokinsa. Inda matsala take shi ne gangara: keken yana da nauyi, wanda ya hau tudun da ƙarfinsa bai kai ba sai ya sauko da gudun da hannunsa bai saba da shi ba. Hular kwano a nan ba ado ba ce.

Ga wani abin da ba a cika faɗa wa baƙo ba. Kowace hanyar keke irin wannan shaida ce cewa jirgi ya mutu. Garin Daun, hedkwatar gunduma guda, yau ba shi da jirgin fasinja na yau da kullum, kuma an daɗe ana muhawara kan farfaɗo da layin da ya ratsa ta cikinsa daga Gerolstein. Baƙon da ya zo a watan Yuni yana murna, amma tsohuwar da za ta je asibiti a watan Janairu, ƙanƙara ta rufe ko'ina, keke ba zai kai ta ba. Mai masauki da mai gidan abinci sun samu, wannan gaskiya ne, sai dai ciniki ne na rabin shekara. Hanyoyin da suka bi bakin kogi kuma suna da nasu haɗarin. A daren 14 ga Yulin 2021 ambaliya ta afka wa kwarin Ahr, a arewacin yankin, mutum sama da 130 suka rasu a wannan kwari kaɗai, ruwa ya tafi da gidaje da gadoji da layin dogo da hanyar keken da ke bin kogin. Kwarin Kyll ma, inda wata doguwar hanyar keke ke bi ta Gerolstein zuwa Trier, ya sha ɓarna.

Akwai wani zance da masana tarihi ke yi, wanda ya dace da wannan wuri. A watan Afrilun 1815 dutsen Tambora na Indonesiya ya yi aman wuta, tokarsa ta tare hasken rana, shekarar 1816 Turai ba ta ga bazara ba. Amfanin gona ya lalace, abincin dawaki ya yi tsada, dawakai suka yi ta mutuwa. A watan Yunin 1817 wani Bajamushe, Karl Drais, ya fito a birnin Mannheim da wata na'ura ta katako mai ƙafa biyu, wadda ake turawa da ƙafa a ƙasa, ita ce kakar keken yau. Wasu masanan suna ganin rashin dawakin ne ya tura shi, wasu kuma sun ce hujjar ba ta isa ba. Ko ma dai yaya ne, yunwar shekarun nan ta taɓa mutanen Eifel ƙwarai.

Me ya kai mu duk wannan nisa, mu da muke sauraro daga Kano ko Maraɗi? Mu ma muna da irin ƙasar. Wanda ya bi ta Mangu zuwa Panyam da Kerang a Filato ya ga tuddai masu tsini a jere, duk tsofaffin bakunan wuta ne, kuma ruwan kwalba na Swan daga maɓuɓɓugar Kerang yake fitowa. A tudun Biu akwai tafkin Tila, shi ma a cikin ramin wuta yake zaune. Mataccen layin dogo ma muna da shi: ƙaramin jirgin nan da Turawa suka shimfiɗa daga Zariya, ta Rahama da Jengre, zuwa Jos da Bukuru don kwaso kuza, wanda aka rufe a 1957. Keke kuwa ba baƙonmu ba ne. Iyayenmu sun san lokacin da Rali sabo fil, da madubi da ƙararrawa, yake sa a ba saurayi mata, kuma har yau shi ke kai manomi gona da ɗalibi makaranta. Abin da ya sauya shi ne yanzu ana yi masa kallon abin hawan wanda bai samu babur ba.

Ban ce gobe a kama zuba kwalta a Kerang ba. Yawon buɗe ido ba ya shiga inda mutum ke tsoron kwana a hanya, kuma kowa ya san halin da wasu sassan Filato da Borno suke ciki. Abin da nake nunawa ya fi haka kusa. A zamanin mulkin Obasanjo na farar hula, ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kira ga jama'a su rungumi keke, har shi da kansa ya riƙa hawa zuwa ofis a Abuja, sai da wata motar bas ta ture shi cikin kwata. An yi ta dariya a lokacin, amma mutumin bai yi ƙarya ba game da amfanin keke. Hanyar ce babu. Mutanen Eifel ba wa'azi suka yi wa kowa ba. Hanya suka raba wa mai keke da mai mota, sai mutane suka fito da kansu.

Su ma can ba su gama da nasu rikicin ba. Dutsen da baƙi ke zuwa kallo, shi ne kuma ake fasawa ana sayarwa. Tun zamanin Rumawa ake sassaƙa duwatsun niƙa a Mayen, kuma ramukan da aka haƙa a ƙarƙashin garin Mendig sun yi girman da a ƙarni na 19 masu dafa barasa suka mayar da su ɗakunan sanyi. Yau kuwa manyan injuna ne ke kwasar tsakuwa da yashin wuta don gina tituna, har wasu tuddan an cinye gefensu, wasu sun kusa ɓacewa. Hukumar UNESCO ta sanya Vulkaneifel cikin jerin wuraren tarihin ƙasa na duniya a 2015, amma wannan bai tsayar da tifofi ba. Mazauna ƙauyuka sun kafa ƙungiyoyi suna neman a taƙaita wuraren haƙa, kamfanoni kuma suna cewa aikin yi ne, kuma kowace hanya, har da ta keke, da tsakuwa ake shimfiɗa ta. Maganar tana gaban hukumomin tsara ƙasa na jihar Rheinland-Pfalz, ana ta ja-in-ja a kan wane tudu za a bari, wanne za a ba masu haƙa.